Fatar da Ƙanin Kaka Ya Kawo

Duk shekara idan aka yi layya, yara suka shimfiɗa ɗanyar fata a bayan ɗaki suna barbaɗa mata gishiri, nakan bar musu tsakar gidan in shige ɗaki. Jikokina sun ɗauka ƙyanƙyami ne. Ba shi ba ne. Ƙarnin ɗanyar fata a cikin rana yana mayar da ni gidanmu na unguwar Hausawa a Garwa, ranar da kakata ta rasu, kuma har yau idan na tuna ranar sai in ji kamar yanzu ake yin abin.

Bari in fara gaya muku irin yarinyar da nake, don ku gane dalilin da ya sa aka ɗora mini abin da aka ɗora mini. Tun ina ƙarama ni mai zullumi ce. Idan na yi alwala sai in sake, don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba. Idan na rufe akurkin kaji sai in koma in taɓa murfin. A lekol, inda na tsaya a aji na ƙarshe na firamare, malaminmu ya gaji da tambayata ko na rubuta daidai. Kaka, mahaifiyar babana, ita ta sa mini suna uwar zullumi, kuma a ɗakinta nake kwana tun da aka yaye ni.

Kaka doguwa ce, baƙa, mai ƙarfin hannu. Ba ta wasa da salla, azumin Litinin da Alhamis kuwa sai da ciwo ya kayar da ita ta bari. Hausarta ta fita tas, Fillancinta ma haka. Amma a ƙarƙashin leɓenta na ƙasa akwai wata 'yar huda da ta toshe, wadda takan rufe da gefen mayafi idan baƙi sun shigo. Na taɓa tambayarta, ta ce ƙaya ce ta soke ta tana yarinya. Ban yarda ba, ban kuma sake tambaya ba.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garinmu, wanda hotonsa ke rataye a kowane kanti. Garwa tana tashe, ana zuba kwalta, ana gine-gine. A wancan lokaci mutumin garinmu yana so a ce shi Bafillace ne, in bai samu ba a ce Bahaushe. Abin da ba ya so a ce masa shi ne ɗan dutse. Mutanen da suka sauko daga duwatsun Mokolo, waɗanda matansu ke huda leɓe, su ne masu dako, masu faskare, masu noman auduga a hayin kogi. Da yawansu sun canza suna, sun sa babbar riga, sun daina yarensu ko a cikin ɗaki. Babana kuwa mai sayar da yadi ne a babbar kasuwa, ɗan sahun gaba a masallaci, wanda ake kira ya zama shaida idan za a ɗaura aure. Ban taɓa jin an tambayi asalin uwarsa ba, shi ma ban taɓa ji ya ɗauko zancen ba.

Akwai wani tsoho mai gawayi da ke hayin kogin Binuwai. Yakan tsallako ranar kasuwa da buhu a ka, da ɗan gicciye na katako a wuyansa. Kaka ba ta sayen gawayin kowa sai nasa, ni ce kuma mai riƙe mata kwando. Idan sun gaisa da Fillanci, sai su rage murya su koma wani yare da ban sani ba, mai sauri, kamar ana tsinkar wake. Bai taɓa taka ƙofar gidanmu ba.

Ciwon Kaka ya tashi da bazara. Wanda bai yi bazara a Garwa ba bai san zafi ba. Kogi yakan janye ya bar yashi fari, kwalta ta yi laushi ta riƙe takalmi, ruwan randa ma ya yi ɗumi. Wata rana da yamma ina yi mata fifita, ta buɗe ido ta dube ni.

"Uwar zullumi, na samo miki aiki, tunda abin damuwa kike so."

Na ce ina ji.

"Ranar da na tafi, kada a fitar da ni sai mai gawayi ya zo. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu muka rage. A gidanmu mace ba ta tafiya sai ɗan'uwanta ya ga fuskarta, ya kawo mata fatar akuya. Wadda aka binne ba fata, cewa ake ba ta da kowa."

Hannuna ya tsaya da mafici. Na tambaye ta ko wannan ba zai ɓata mata sallarta ba. Ta yi 'yar dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce sallarta tana nan inda ta ajiye ta, wurin Allah, fata kuwa ta 'yan'uwa ce. Na ce to me ya sa ba ta gaya wa Baba ba.

"Babanki ya sani. Amma sanin abu ba faɗarsa a gaban mutane ba ne. Ke kuwa na san ki, ba za ki iya haɗiye ko ruwa ba sai kin faɗa."

Daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. Kullum da safe sai na kai hannu kusa da hancinta in ji ko tana numfashi. A makarantar allo an koya mana cewa gaggauta binne mamaci haƙƙinsa ne, jinkirtawa laifi. An kuma koya mana cewa cin amana laifi ne. Ina tafe ina auna laifin biyu, na kasa gane wanne ya fi nauyi.

Ta cika da hantsi, bayan ta kurɓi koko kaɗan. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ce a kanta. Ta shafe mata ido, ta ɗaure mata haɓa, ta lulluɓe ta. Nan da nan gidan ya ɗauki tsarin da kowa ya sani ba sai an gaya masa ba. Aka miƙo karan dawa, Gwaggo ta auna tsawon Kaka ta karya, aka miƙa wa samari suka nufi maƙabarta da diga. Baba ya aika aka ɗauko farin yadi daga rumfarsa, dattawa suka zauna a zaure suna ɗinkin likkafani. Liman ya ce da an sallame azahar za a yi mata salla, saboda zafin nan ba ya jiran kowa.

Na sami Gwaggo a bayan madafa, na gaya mata komai. Ba ta yi mamaki ba, ashe ita ma ta san mai gawayi. Ta sa aka kira Baba zuwa bakin ƙofar cikin gida, ina tsaye a bayanta.

"Yaya, Inna ta bar wasiyya a bakin yarinyar nan. A jira Kawu."

Baba ya dube ni, ya dubi ƙasa. Idonsa ja wur. Na fara jin kamar ni na yi laifi. Can ya ce wana ya hau keke ya tsallaka gada ya kai wa mai gawayi saƙo, ba tare da ya tsaya zance da kowa ba.

"Amma ku ji. Idan kun gama wanka, ba zan tsayar da jama'a a rana ba. In ce musu ina jiran wa?"

Wannan maganar ita ce ta bar komai a hannun mata. Namiji ba ya shiga inda ake wankan mace. Iyakarsa ya aiko ya tambaya ko an gama.

Mai wankan gawa a unguwarmu wata tsohuwar Bafillatana ce, siririya, mai tsananin tsoron Allah, wadda ba a taɓa jin ta faɗi abin da ta gani a jikin mamaciya ba. Ita ta wanke rabin matan da ke kwance a maƙabartarmu. Gwaggo ta ja ta gefe ta raɗa mata. Tsohuwar ta tauna goronta a hankali, sannan ta ce:

"Ƙarya kam ba zan yi a kan gawa ba. Amma sauri ma ba wanda ya wajabta mini."

Ni aka sa ɗaukar ruwa zuwa bakin ƙofa, ni ce kuma mai kai amsa zaure, don ban kai shekarun da za a hana ni fita gaban maza ba. Tsohuwar ta taɓa ruwan farko ta ce ya yi zafi, a bar shi ya huce. Da ya huce ta ce ganyen magaryar da aka daka bai isa ba, a je a ƙaro, a kuma daka shi ya yi laushi sosai. Kitson Kaka ƙanana ne, ta zauna tana tsefe su ɗaya bayan ɗaya da yatsunta, ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, na duba da idona don hankalina ya kwanta. Ruwan ya yi zafi, ganyen bai isa ba. Sai dai da a wata rana ce, da ba ta damu ba.

Aka kira azahar, aka sallame, maza suka dawo suka cika ƙofar gida. Masu haƙa suka aiko cewa kabari ya samu. Daga nan aiken ya fara zuwa. Duk fitar da zan yi in ce ba a gama ba, sai in leƙa ƙarshen layi ko zan hango keke. Ba komai sai rana tana rawa a kan hanya. Mutane sun lafe a 'yar inuwar katanga, wasu sun ɗora hula a gwiwa suna share zufa. Wani dattijo mai baki ya ce da ni:

"Ke 'yar nan, wanka ake ko lalle ake sa mata?"

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Baba bai yi ba. Yana zaune kusa da liman, carbi a hannunsa amma ba ya ja.

Aka miƙa likkafani ciki. Tsohuwar ta gwada ta ce zanen bai rufe yadda take so ba, a ƙara masa faɗi. Na mayar zaure. Liman da kansa ya karɓa ya duba, ya dube ni. Mutum ne mai sanyin magana, amma ya ce in gaya wa mata mamaciya tana da haƙƙi a kanmu, kuma su sun fi shi sanin abin da zafin nan ke yi wa jiki. Na koma ina maimaita maganar a zuciyata don kada in rage ko in ƙara. Na fara tunanin ko wana ya faɗi da keke, ko jandarma sun tare shi a bakin gada, ko bai sami gidan ba, ko kuwa ni ce ban ji wasiyyar daidai ba, na jawo wa Kaka wahala a banza.

Inuwa ta juya ta fara tsawo. A bakin ƙofar ɗakin, duk da turaren wuta da kafur da aka sa, na fara jin wani abu a iska wanda ba zan kwatanta muku ba. Gwaggo ma ta ji. Tsohuwar ta fito, ta wanke hannu har gwiwa, ta ce da Gwaggo:

"Na riƙe ta iya abin da zan amsa a gaban Allah. Daga nan kuma zalunci ne. A kira maza."

Gwaggo ta fashe da kuka, wanda ba ta yi ba tun safe. Ni ko kukan ma ya ƙi zuwa. Ni na kai amsar zaure da bakina, cewa an gama.

Aka shigo da makara, aka ɗauke ta. Mata ba sa fita, don haka na je jikin zanan da ya raba gidanmu da hanya, inda akwai wata kafa da muke leƙen masu talla. Aka ajiye makara a ƙofar gida, maza suka yi sahu, liman ya matsa gaba yana gyara rawani. A lokacin na ji ƙarar keke.

Wana ne ke tuƙi, ya jiƙe sharkaf da zufa. A bayansa mai gawayi, ba takalmi, rungume da ɗanyar fatar baƙar akuya, ƙudaje suna bin ta. Daga baya muka ji abin da ya faru. Wana ya same shi tun kafin azahar, ya ce masa Kaka ta rasu. Tsohon ya zauna a ƙasa ya yi kukansa, sannan ya tashi ya shiga neman akuyar da ta dace, don ba kowace ake kaiwa ba. Ya je gidan wani, ya wuce gidan wani, ya samo, ya yanka, ya zauna yana fiɗa a natse don kada wuƙa ta huda fatar. Wana bai ce masa yau za a binne ba, domin a ganinsa wa bai san haka ba? Tsohon kuma bai tambaya ba, domin a dutse sai an kwana biyu ko uku ana taruwa kafin a binne babba, wa zai binne uwa ranar da ta mutu? Sai da wana ya ga rana ta karkata ya ce shi zai koma, wataƙila ma an riga an rufe ta. Ya ce tsohon ya dube shi kamar ya mare shi.

Tsohon ya sauka daga keke ya tsaya a gefen sahu. Ƙarnin fatar ya iso har inda nake. Dattijon nan mai baki ya ɗaga murya:

"Mai gawayi, yau ba a saye. Ba ka ga rasuwa aka yi ba?"

Tsohon bai kula shi ba. Bai dubi makara ba ma. Baba kawai yake kallo. Na gane cewa idan Baba ya yi shiru, shi ma shiru zai yi, ya juya da fatarsa ya tafi, kamar yadda ya yi shekara da shekaru yana wuce ƙofar gidanmu. Liman ya ɗaga hannu zai yi kabbara. Na danna goshina a jikin zana har ya yanke ni, ban ji ba sai daga baya.

"Malam, a dakata."

Baba ne. Ya fito daga sahu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma wurin ya yi tsit, kowa ya ji.

"Wannan kawuna ne. Ƙanin mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Shi muke jira."

Na ga wasu suna kallon juna, wasu suna kallon ƙafafunsu. Liman ya sauke hannu, ya yi ɗan tunani, ya ce ba a hana ɗan'uwa ganin fuskar 'yar'uwarsa, amma a mayar da ita zaure, ba a buɗe mace a kan hanya. Aka mayar. Ban ga abin da ya faru a ciki ba. Na dai ji muryar tsohon a yaren nan mai sauri, wannan karon a hankali, kamar yana lallashin yaro.

Da suka fito ya miƙa fatar zai shimfiɗa a kan makara. Liman ya tare shi da hannu, ba da faɗa ba. Ya ce likkafani ya ishe ta, fata mai jini ba ta hawa kanta, ba ta kuma shiga kabari. Tsohon ya tsaya da fatar a hannu, ya ce da gurguwar Hausarsa:

"In babu fata, wa zai sani tana da mutane?"

"Kawo, Kawu," in ji Baba. "Za a sani."

Ya karɓa. Da aka idar da salla, aka ɗaga makara, ya saɓa fatar a kafaɗarsa, a kan farar rigar da yake zuwa Juma'a da ita, ya bi bayan uwarsa, kawunsa a gefensa. Haka suka ratsa unguwa, suka bi ta bakin kasuwa inda kowa ya san shi. Wana ya ce a maƙabarta an haƙa ɗan rami a waje da shinge, daidai ƙafafunta, Baba da tsohon suka binne fatar tare. Rigar ba ta sake fita ba, duk wankin da aka yi mata.

Ba zan ce muku abin ya wuce haka nan ba. An rage kiran Baba shaidar aure. Akwai waɗanda har ya rasu suna ce masa ɗan dutse idan ya ba da baya, wasu ma a gabansa, da sunan wasa. Ya koyi amsawa. Tsohon ya zauna a zaurenmu har aka yi sadakar uku, daga nan kuma idan ya kawo gawayi ta ƙofar gida yake shigowa, a kawo masa fura. Ni kuwa na daɗe ina tambayar kaina ko an cika wasiyyar, tunda fatar ba ta taɓa jikin Kaka ba, ko kuma mun ɗauki alhakinta da muka riƙe ta a zafi. Na tambayi malamai, kowa da amsarsa. Har yanzu nakan roƙa mana gafara, ni da Gwaggo da tsohuwar nan, ko da akwai laifi.

Yanzu Garwa ta canza. Asibiti yana da ɗakin sanyi, ana ajiye mutum a jira ɗansa ya taso daga kudu. Saƙon da wana ya kai da keke, yau yaro zai kai shi yana kwance a kan gado. Jikokin tsohon suna nan a gari, ɗaya malamar asibiti ce, suna kawo mana abinci da Kirsimeti, muna kai musu nama da Salla, kuma ba wanda ke rage murya idan zai ce kakarsa daga dutse ta sauko. Fatar akuya ma su da kansu sun ce sun kusa barinta.

Ni ce yanzu tsohuwar gida, kuma halina bai bar ni ba. Na tara 'ya'yana na ce idan tawa ta zo su kira mutanen hayi kafin su kira kowa, kuma kada su tsaya a kan cewa ta rasu. Su faɗa da baki cewa yau za a binne, su faɗi bayan wace salla, su sa wanda ya ɗauki wayar ya maimaita. Babban ɗana ya yi dariya ya ce, "Inna, ai sun sani, shekara nawa muna tare."

Na ce masa wana ma haka ya zata.